Babi na Bakwai: Sunayen da Dajin Rugu Ya Rufe

Tsakanin 1804 da 1815 an yi manyan yaƙe-yaƙe biyu a duniya waɗanda mayaƙansu ba su san da juna ba. A Turai, Napoliyon na Faransa yana gwabzawa da Ingila da ƙawayenta. A ƙasar Hausa, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suna fafatawa da sarakunan Gobir da Katsina da Kano da Zazzau. A watan Yunin 1804 aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. A ƙarshen 1805, lokacin da jiragen ruwan Ingila suka farfasa na Faransa da Sifen a Tarafalga, a nan ana binne waɗanda suka faɗi a Alwasa, kusa da Gwandu. Shekarar da Alƙalawa ta faɗi aka kashe Yunfa, wato 1808, ita ce shekarar da sojojin Ingila suka sauka a Fotugal. Kowane ɓangare ya bar iyaye mata da zawarawa da marayu, kuma kowane ya nemi hanyar da zai riƙe matattunsa kada su ɓace.

Hanyar Turawa tana nan a bangon majami'unsu. Wanda ya shiga tsohuwar coci a wani ƙauyen Ingila, in ya ɗaga kai, zai ga alluna na farin dutse an kafe su a bango, an sassaƙa rubutu a kai: sunan mamaci, muƙaminsa, rundunarsa, inda ya faɗi, ranar da ya faɗi, da shekarunsa. Sau da yawa shekarun ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Babu gawa a bayan allon. Gawar tana can Sifen ko Beljiyam, watakila cikin rami guda da wasu ɗaruruwa. Rashin samun gawar ne ma ya sa uwa ko matar mamacin, ko abokan aikinsa, suka biya masassaƙi ya yi musu abin da za su riƙa kallo duk Lahadi. Manya irin su Janar Moore, wanda aka kashe a Koruna a Janairun 1809, da Janar Picton, wanda aka kashe a Watalu, gwamnati ce ta biya aka yi musu gumaka a babbar majami'ar Sent Paul da ke Landan. A garin Watalu kansa akwai cocin da alluna irin waɗannan suka cika bangonta.

Amma a karanta allunan da kyau. Kusan dukansu na hafsoshi ne. A sojan ƙasa na Ingila na wancan zamani, hafsoshi da yawa sayen muƙaminsu suke yi da kuɗi, ba a daina hakan ba sai 1871. Gidan da ya iya saya wa ɗansa muƙami shi ne gidan da zai iya saya masa dutse. A ranar 18 ga Yunin 1815, wajen mutum 50,000 ne suka mutu ko suka ji rauni a Watalu cikin yini ɗaya. Ɗan manomi ko ɗan masaƙa da ya ɗauki bindiga a matsayin kurtu, in an tuna da shi a allo, to a layin ƙarshe ne, inda za a lissafa hafsoshi da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sannan a ce da ƙananan sojoji kaza. Sai bayan shekara ɗari, a yaƙin duniya na farko, Ingila ta kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi a 1917 bisa ƙa'idar cewa kowane mamaci a rubuta sunansa, janar ne ko kurtu. Ko a nan ba a yi wa kowa adalci ba. A watan Afrilun 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoton cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. A wancan yaƙin kakanninmu ma sun yi wa Ingila soja da dako a Kamaru da Gabashin Afirka.

Mu ba mu da allon dutse, kuma ba don rashin masassaƙa ba ne. Addini ne ya tsara mana kushewa: a tara ƙasa, a aza dutse ko guntun tukunya ko itace don a gane wurin, shi ke nan. Hadisi ya hana shafe kabari da yin gini a kansa, a wata ruwayar har da rubutu. Shahidin fagen fama kuwa ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake sa shi, galibi a inda ya faɗi. Damina biyu ko uku, kabarin ya koma ƙasa. Saboda haka abin da Bature ya ɗora wa dutse, malaman jihadi suka ɗora wa takarda da waƙa.

Dubi Tsuntsuwa. A ƙarshen 1804, kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka auka wa rundunar jama'a a lokacin da yunwa da ciwo suka raunana ta. Littattafan jihadin sun ce shahidai sun kai 2,000, kuma 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Muhammadu Bello ya kawo labarin a Infaƙul Maisur, wanda ya rubuta a 1812. Malam Abdullahi na Gwandu, a Tazyinul Waraƙat, ya tattara ƙasidun da ya yi na makokin abokansa da suka faɗi a waɗannan yaƙe-yaƙe, yana ambaton wasunsu da suna. Wanda ya karanta shi zai ji mutum ne da zuciyarsa ta ƙone. Asarar waɗannan mutanen, da ganin irin waɗanda suka maye gurbinsu, na cikin abin da ya sa ya bar runduna a 1807 ya nufi gabas har ya tsaya a Kano. To amma sunaye nawa suka tsira daga cikin 2,000? 'Yan kaɗan ne, kuma na malamai da shugabanni. Ɗan baka da ya biyo malaminsa daga wani ƙauyen Zamfara, da bawan da ya gudo ya shiga jama'a don ya ji an ce a nan kowa ɗan'uwa ne, su ma a layin ƙarshe suke, cikin adadi.

Ba kuma wai malaman ba su san darajar ƙaramin mutum ba. Waziri Giɗaɗo, a Raudul Jinan, ya jera sunayen mutanen da suka zauna da Shehu, ba manyan malamai kaɗai ba. Matar Giɗaɗo, Nana Asma'u, wadda ta yi wa Bello marsiyya, ita ce kuma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, matar da ba ta riƙe wani muƙami ba, tana yabonta da kyautata zumunci da sulhunta mutane. Ina ganin wannan marsiyyar ta fi allunan Ingila da yawa daraja, don ba kuɗi ne ya saye ta ba. Sai dai alƙalami yana rubuta wanda ke kusa da shi ne, kuma alƙaluman suna Sakkwato da Gwandu da Wurno. Yammacin Katsina ya yi musu nisa.

A nan ne maganar ta zo gida. Ƙasar da Babban Duhu da Runka da Zakka da Ruma suke a yau, wato ƙananan hukumomin Safana da Batsari, ita ce ta tsaya tsakanin Birnin Katsina da Zamfara, kuma Maraɗi na arewa da ita. Mutum uku ne suka karɓo tutar jihadi a Katsina: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Ummarun Dumyawa. Wajen 1807 birni ya faɗa hannunsu, Sarki Magajin Halidu ya gamu da ajalinsa a Ɗankama. Littattafan makaranta a nan suke rufe babin, kamar an gama. Ga mutanen yamma kuwa a lokacin aka fara. Ɗan Kasawa ya tattara ragowar gidan sarautar, ya zauna a wajen Damagaram, wajen 1819 ya kama Maraɗi. Daga nan aka samu Katsina biyu, kowace na cewa ita ce ta gaskiya, kuma hanyar da dawakinsu ke bi su kai wa juna hari ta cikin gonakin mutanen nan take.

A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke. Sarkin Musulmi Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka kwanta a fagen. Nana Asma'u ta yi wa nasarar waƙa. Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda, bai haƙura ba. A zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu ɗan Ummarun Dallaje, garuruwan ƙasar Ruma suka yi tawaye suka bi bayan Ɗan Mari. Siddiƙu ya murƙushe tawayen, kuma horon da ya yi wa garuruwan ya yi tsananin da ƙasar ta watse: wanda bai mutu ba an kama shi, wanda ba a kama ba ya gudu. Gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Marubutan tarihin daular Sakkwato suna danganta faɗaɗar babban dajin da ke tsakanin Katsina da Zamfara, wanda muke kira Rugu, da wannan watsewar. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiƙu, bayan koke-koken tsananinsa sun yi yawa. Tuɓewar ba ta dawo da ko gari ɗaya ba.

Bayan shekara tara, a watan Maris na 1853, Bajamushen nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya bi ta nan zuwa Sakkwato. Ya fito daga Katsina ya bi ta Kuraye da Kurfi ya sauka Zakka, daga nan ayarinsu ya ratsa daji cikin hanzari da fargabar rundunar Gobirawa, har suka ɓulla Bunka da Zurmi. Garuruwa masu ganuwa ya gani a bakin dajin, a cikinsa kuma kufai.

Wannan kufan shi ne abin da ya rage mana na waɗancan mutanen. Mafarauta da makiyaya da masu saran itace sun san alamunsa: tudun da ya miƙe ya kewaya, wanda dā ganuwa ce, kukoki a cunkushe wuri guda, inda ba a samun su haka sai in mutane sun taɓa zama, ramukan marina, ɓaraguzan tukwane da ruwan sama ke tonowa. Gari ne sukutum, da limaminsa da maƙerinsa da ungozomarsa. Ba mu da sunan mutum ɗaya daga cikinsu. Malaman Sakkwato ba za su yi musu marsiyya ba, don a idonsu 'yan tawaye ne. Makaɗan Maraɗi sarakuna da barade suke wasawa, ba talakan da aka ƙone wa rumbu ba. Jarumtar Rumawa ta shahara, sunan Ɗanwaire na ƙarshen ƙarnin yana bakin yara har yau, amma kirari na wanda ya hau doki ne ya dawo. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, da yake haɗa littafinsa kan sauyin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya bi garuruwa yana zama da dattawa yana rubuta abin da suka gada a baki, kuma da bai yi ba da asararmu ta fi haka. Dattawan da ya tarar duk sun tafi.

Akwai wata tsohuwa da ba na iya mantawa da ita duk lokacin da na yi tunanin wannan al'amari. Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila wanda shi kansa ya yi yaƙin zamanin Napoliyon, ya raka rundunar Bello zuwa harin da ta kai wa Gobirawa a Konya a 1826. Ya ba da labarin wata baiwar Sarkin Musulmi, Bazamfara, tsohuwa tukuf, a kan doki da gorunan ruwa rataye da sirdi, tana kutsawa inda kibau ke zuba tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Ya ce babu wanda ya fi ta amfani a ranar. Ya kwatanta dokinta da shigarta, bai rubuta sunanta ba. Shi da ya rasu a Sakkwato a 13 ga Afrilun 1827, an san ranar, an san wanda ya binne shi, an buga littafinsa a Landan. Ita da mutane suka sha ruwa a hannunta suna bakin mutuwa, sunanta ya tafi.

Da a ce wannan tarihi ne kawai, da sai a yi addu'a a wuce. Amma dajin da yaƙin Siddiƙu da Ɗan Mari ya faɗaɗa shi ne dajin da 'yan bindiga suka mayar mafaka a zamaninmu, kuma ƙauyukan bakinsa su ne suka fi kowa ɗanɗanawa. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. 'Yan sanda kuma sun tabbatar da kashe mutum 47 a ranar 18 ga Afrilun shekarar a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsinma da Safana. Waɗannan su ne waɗanda suka kai ga rediyo. Na mutum biyu a gona, ɗaya a hanyar kasuwa, uku a kan babur, ba sa kaiwa ko'ina. A jera gawawwaki a ƙofar gidan mai gari, a yi salla cikin sauri ana waige, a rufe, wani lokaci rami ɗaya. Jami'ai su zo jaje su ce Allah Ya jiƙan su, Allah Ya kiyaye gaba. Washegari jarida ta buga adadi. In ƙauyen ya tashi, mutanensa suka watsu a Batsari da Katsina da Dutsinma ko suka tsallaka Maraɗi, to waɗanda suka san wa ke kwance a wane rami sun rabu ke nan. Haka aka yi kufan dā, ba wata hanya daban ba.

Na sha jin ana cewa rubuta sunayen matattu al'adar Nasara ce, mu namu mun bar wa Allah. Wannan magana ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. An hana gini a kan kabari da ƙawata shi. Ba a hana sanin wanda ya mutu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa ya aza dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'un don a gane shi. Shahidan Badar 14 ne, an san kowannensu da sunan mahaifinsa da ƙabilarsa, har da 'yantaccen bawa Mihja'u. Na Uhudu wajen 70 ne, littattafan Sira sun jera su gida-gida. Musulmi sun riga Ingila lissafa ƙaramin soja da suna da fiye da shekara 1,000. Mu ne muka saki abin, muka riƙe adadi.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin buhun taki ba. Littafi mai kauri a hannun liman ko mai unguwa na kowane ƙauye, a boko ko a ajami, duk wanda mai rubutun ya fi iyawa. Sunan mamaci da na mahaifinsa, sana'arsa, ranar da abin ya faru, wurin, inda aka binne shi, da waɗanda ya bari. A kai kwafi fadar Yariman Katsina a Safana da ta Sarkin Ruma a Batsari, wani kwafin a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, don in ƙauye ya tashi kada littafin ya tashi da shi. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsinma suna neman abin bincike kowace shekara; ga zawarawa nan a garuruwan da suka yi gudun hijira, kowace tana riƙe da sunaye da ranaku a ka, kuma ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta.

Wurin da aikin zai yi wuya shi ne tambayar wa za a rubuta. Nan ne na fi jin tsoron mu maimaita abin da ya faru da mutanen ƙasar Ruma, inda kowane alƙalami ya rubuta nasa ya bar na wancan. Manomin da aka harbe a gonarsa zai shiga, babu gardama. Ɗan sa-kai da ɗan sanda da sojan da suka mutu suna kare gari za su shiga. To Bafulatanin da ya zo cin kasuwa aka tare shi aka kashe ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, don kawai kamanninsa? Matan ruga da yaran da aka ƙone wa bukkoki a ramuwar gayya? Ni a ganina dole su shiga, a shafi ɗaya da sauran, ko da ranmu bai so ba, domin su ma ba su ɗauki makami ba, kuma littafin da ya tsallake su zai zama takardar ƙara ce ta ɓangare ɗaya, jikoki su gada su ci gaba da faɗan. Haka macen da ta haihu a hanyar gudu ta rasu, da tsohon da zuciyarsa ta buga da jin harbi: ba harsashi ne ya same su ba, amma yaƙin ne ya kashe su.

Sai kuma waɗanda aka shiga da su daji ba su dawo ba, ba a ga gawa ba, waya ta daina shiga. Su shafinsu daban ne, kuma shi ne ya fi gaggawa, don rayayyu na rataye da shi. Matar irin wannan mutum ba ta san ko mai aure ce ko mai takaba ba, 'ya'yansa ba su san ko a raba gona ko a jira ba. Fiƙihun Malikiyya ya yi wa mafƙudi babi. Risala, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, ta ambaci jiran shekara huɗu daga ranar da matar ta kai maganar gaban hukuma, sannan idda, kuma malamai sun bambanta hukuncin wanda ya ɓace haka kawai da wanda aka kama da wanda ya ɓace a fagen faɗa. Alƙalin da za a kai wa wannan shari'a a Safana ko Batsari zai fara da tambayar yaushe aka ɗauke shi, a ina, wa ya gani, yaushe aka ji muryarsa ta ƙarshe. In shaidun sun watse, wasu sun mutu, matar ita kaɗai ce za ta amsa, kuma maganarta ita kaɗai ba ta isa hujja a kotu ba.